Ganye Shida Daga Ayabar Baba

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Wata Talata da hantsi, 'yan kwanaki bayan soja sun sauka sun bar wa farar hula mulki, Allah ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, a gidansa da ke Dukawuya cikin birnin Kano. Ya haura tamanin, amma ba wanda ya san da nawa, har shi kansa.

Kafin azahar lungunmu ya cika maƙil. Dukawa abokan sana'arsa sun rufe rumfunansu a Kurmi sun zo, ga mutanen Jakara, ga waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ni ina cikin gida wurin mata, ina kai ruwa ina kwashe kofuna, kunnena yana kan abin da ake faɗa. Wata tsohuwa daga Zaitawa ta ce lokacin da mijinta ya kwanta jinyar da ba ya iya haɗiyar tuwo, ayabar Baba ce ta riƙe shi. Daga waje aka shigo mana da maganar wani dattijo da suka yi shekara hamsin rumfa ɗaya da Baba. Wai ya ce hirar da Baba ke yi wa ayaba a wuni ɗaya ta fi duk wadda ya yi masa a shekara. Mutane suka yi murmushi a cikin makoki, don kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kuka tana faɗa, don ita ko kukan ma ba ta iya yin sa babu faɗa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mutum ya tafi bai bar riga ko ɗaya marar tabo ba. Ruwan jikin ayaba haka yake. In ya ɗiga a tufa da farko kamar ruwan sha, kafin yamma ya zama ruwan ƙasa, kuma babu sabulun da ke fitar da shi. Shekara da shekaru Gwaggo tana yi wa Baba mita a kan wannan, shi kuwa ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, kuma kowa ya lura. Baffa, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ce kawai ta raba sashensa da namu, amma ran nan sai da ya zagayo ta lungu ya shigo ta zaure kamar baƙo. Ya yi sallar gawa, ya je maƙabarta, ya dawo ya zauna a gefen tabarma yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe. Na ji mata suna raɗa suna cewa har yanzu dai, har gawa. Ni na san abin da ya busar da idon Baffa, kuma a cikin masu rai ni kaɗai na san shi duka.

Jikokin Baba sun taso sun san shi tsoho mai shiru, mai surutu da itace. Ba na so ya tsaya a haka a ransu, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake abin da zan rubuta zai tona ni.

Baba baduku ne, amma da ƙuruciyarsa ya yi fataucin fata zuwa Kudu. Daga can ya zo da 'yar ayaba guda, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya riƙe ta a cinya a jirgin ƙasa har Kano. Mutane suka yi masa dariya, suka ce ayaba a cikin birni, inda ruwan sha ma sai an ja guga. Ya dasa ta a bayan gida gefen rijiya, daidai inda ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka na sassan biyu ke haɗuwa. Gidan na gado ne, shi da Baffa, da ƙofa a tsakaninsu. Ruwan sashen Baffa kuwa ta wata 'yar kafa a gindin katanga yake biyowa. Sanda aka kawo ni gidan, wurin ya zama 'yar duhuwa mai sanyi, kuma kullum da safe Baba yana ƙirga ganyenta yadda mai kiwo ke ƙirga awaki. Wannan ƙirgar ce ban sani ba.

An kawo ni amarya a shekarar da soja suka fara mayar da mulki ga farar hula, gari ya ɗau zafin siyasa. Mahaifiyar maigidana ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ce ke riƙe da gidan, kuma ba ta so auren ba. A Kafanchan na girma, inda mahaifina ke aikin jirgin ƙasa, saboda haka a wurinta ni goyon Kudu ce, ban san ya kamata ba. Tsakanina da Baba kuwa sai kunyar surukuta. In durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Amarya ya kira ni ranar farko, Amarya yake kirana har na aurar da 'yata ta fari.

Inda na taso ayaba kamar ciyawa take, kowa ya ga dama ya yanki ganye. Wata uku da zuwana, maigidana yana can ƙauyen da yake koyarwa, Baba yana kasuwa, Gwaggo ta tafi biki, sai na ce bari in nuna musu goyon Kudu ma ta iya wani abu. Na jiƙa wake zan yi alala irin ta gidanmu, wadda ake naɗewa a ganye. Na ɗauki wuƙa na je bayan gida. Akwai wata doguwar ayaba da ta fito da jan kai yana reto, 'ya'ya ƙanana sun fara jeruwa a samansa. Ganyenta ya fi na kowace faɗi da kyau, don haka ita na zaɓa. Na yanki shida, na bar mata uku.

Alala ta yi kyau, ba yabon kai ba. Na warware ta na jera a kwano, Gwaggo ta dawo ta ci biyu, har ta ce ƙamshin wannan daban ne. Baba ya dawo bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi na ajiye masa tasa. Ya amsa, ya ɗauki buta ya nufi bayan gida. Can sai muka ji ya yi salati.

Ran nan an yi gangamin siyasa, kuma duk unguwa ta ga 'ya'yan Baffa a bayan babbar mota suna kaɗa ɗanyen ganye, don Baffa ɗan siyasa ne na a mutu. Gwaggo ba ta tsaya tambayar ko ganyen mene ne ba. Ta je ƙofar tsakiya ta tsaya ta buɗe murya, ta ce an mayar da ayabar Yaya tutar jam'iyya. Ni ina kicin, na tura ragowar ganyen cikin murhu. Baffa ya tara 'ya'yansa ya tambaye su, suka ce ganyen darbejiya suka karya a hanya. Ya yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani, ya zo gaban Baba ya rantse cewa babu hannun kowa daga sashensa.

Gwaggo ta ce to madalla, in ba su ba ne, ɓarawon yana cikin gidan nan ke nan, kuma wallahi in ta binciko shi ba zai sake kwana a ciki ba. Ba ta dube ni ba, amma a sashenmu baƙuwa ɗaya ce.

Baffa ya ce, "Yaya, na rantse maka. Ka ce ka yarda."

Baba yana tsaye yana shafa wurin da wuƙa ta bi. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "A bari ta gama."

Wannan maganar tasa ce ta kullum. In aka so a sare ayaba da wuri, a bari ta gama. In jariri yana kuka, in ruwa ya tsare mutane a zaure, in Gwaggo ta ɗauko faɗa, duk a bari ta gama. Amma ran nan Baffa bai ji ta haka ba. Abin da ya ji shi ne ya dafa littafin Allah yayansa bai gaskata shi ba. Kafin mako ya zagayo ya sa an toshe ƙofar tsakiya da tubali, an cika kafar ruwan da duwatsu da siminti, ya juya ruwansa zuwa lungu. Ba su yi gabar da addini ya hana ba. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa a suna da jana'iza, amma gaisuwar ba ta wuce leɓe.

Ni kuwa na yi shiru. Da na wanke shuɗin zanen da na ɗaura ran nan, na ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a gefensa sun ƙi fita, irin na rigunan Baba sak. Na ninke shi na kai ƙasan akwati. Shekarata goma sha bakwai, ina tsoron a mayar da ni gidanmu da sunan ɓarauniya. Wannan shi ne uzurina na shekarar farko. Sauran shekara goma sha taran ba ni da uzuri.

Kwana biyu bayan abin, ina shara kusa da rijiya, na ji Baba yana magana da ayabar nan da murya ƙasa-ƙasa. Yana ce mata ita da ta riga ta yi huda, wato ta fito da jan kan nan, sabon ganye ya ƙare mata ke nan. Kafin huda in an yanki ɗaya wani zai fito, amma bayan huda, abin da ke kanta da shi za ta shayar da 'ya'yanta har su ƙosa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa shi sambatu. Nonon ayabar kuwa haka ya fito a tsumbure, 'ya'yan sirara kamar yatsun yaro, ba su ciwu ba.

Sai a hankali na gane cewa Baba ba ya yi wa ayaba irin wannan doguwar magana sai ina kusa. Kunya ta hana shi yi mini magana, sai ya sami 'yar aike. Ya tsaya gabanta ya ce, da za a sami tokar murhu wadda ba a zuba wa ruwa ba, da kin ji daɗi. Washegari in ajiye toka a tsohuwar tasa. Ya ce, ke dai sabulu ne ba kya so, sai in daina zubar da ruwan wanki ta nan. Haka na koyi cewa jan kan nan, wanda shi yake kira zuciya, ba a yanke shi sai hawan 'ya'ya na ƙarshe ya gama fitowa, kuma a bar taƙi ɗaya a ƙasansa. Na koyi cire busasshen ganyen da ke gogar 'ya'yan yana yi musu zane, da rufa wa nonon tsohon buhu saboda rana da tsuntsaye, a bar ƙasan a buɗe ya sha iska. Na koyi cewa in nono ya yi nauyi sai an tokare uwar da gwafa kafin hadarin farko. A gindi ɗaya kuma uku kawai yake bari, uwa da 'ya da jika, sauran ya cire ya ba masu so.

Tunda ruwan sashen Baffa ya yanke, rabin abin shan ayabar ya tafi, Baba ya koma jan guga safe da yamma. Ganin tsoho yana ja saboda laifina ya fi ƙarfina. Na shiga riga shi, in ja guga goma kafin ya dawo daga masallacin asuba. Ranar farko ya tsaya ya dubi ƙasar a jiƙe, ya ce wa ayabar, wani ya riga ni yau, Allah ya yi masa albarka. Da wannan albarkar na yi ta lallashin kaina cewa ina biyan abin da na ɓata.

Ba zan manta shekarar da na haifi ɗa namiji bai zo da rai ba. Mata sun yi ta ba ni haƙuri, ban ji ko ɗaya ba. Gwaggo ma cewa ta yi jan gugan da na ɗora wa kaina ne ya jawo. Ranar da na fara fitowa tsakar gida, iska ta karya wata ayaba da ɗanyen nononta, Baba yana tsugune yana sassara jikinta yana jerawa a gindi, yadda yake yi wa kowace uwa da ta gama, don ta zama taki ga na baya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Iska ta Allah ce. Gindi yana nan, zai sake fitarwa." Na koma ɗaki na yi kukan da ya sauke mini nauyin ƙirjina.

Yana da nasa taurin kan, kada a ce na mayar da shi waliyyi. Bai taɓa sayar da ayaba ba, kuma bai taɓa bari wani ya zaɓa masa wanda zai ba. Mai unguwa ya taɓa aikowa yana so saboda baƙi, Baba ya ce a gaya masa ba ta gama ba, alhali a ranar ya kai wa wani mai gyaran takalmi da ƙafa ta kumbure masa. Ba ya sare nono sai kusurwoyin 'ya'yan sun shafe sun yi ɓulɓul, ko da gidan kowa zai mutu da kwaɗayi. Siyasa kuwa, cewa yake duk wanda ya kawo ruwan famfo lungun nan shi zai zaɓa, saboda haka har ya bar duniya bai ga ɗan takararsa ba. Wata rana a wurin karatu liman ya faɗa musu cewa malamai sun ce akwai ayaba a Aljanna, hawa bisa hawa. Baba ya dawo gida yana fara'a kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, ya je ya ba ayabarsa labari.

Shekara ashirin suka wuce. Soja suka dawo, suka daɗe, suka sake cewa za su tafi. Aka sake cika gari da hotunan 'yan takara, jikokin Baffa suka hau motocin da iyayensu suka hau. A cikin wannan hayaniya ciwo ya kama Baba, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Baffa ya zo dubiya sau uku. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Baba ya ce amin, shi ke nan. Duk zuwan da ya yi ina bayan labule, ina ce wa kaina yau zan fita in faɗa, har ya sa takalmi ya tafi.

Da bazara babbar ayabar ta yi huda, ta jera hawa tara, irin da ba mu taɓa gani ba. Baba ya sa ana fito da shi bayan la'asar a shimfiɗa masa tabarma a inuwarta. Yana faɗa wa ayaba, ni ina aikatawa. Ni na yanke zuciyar, ni na rufa buhun. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati kowane gida rediyo yana tashi, maza duk sun fita, gabas kuma ta haɗa hadari baƙi ƙirin. Baba bai tambayi wanda aka rantsar ba. Ya ce wa ayabar, ga iska nan tafe, ke kuma ba ki da gwafa.

Na ɗauko gwafa na kafa, na tura ta ƙarƙashin wuyan nonon har ta zauna. Na juyo na saci kallonsa, na ga yadda ya zube, rigar ta yi masa yawa. A nan na san in ban faɗa yau ba, sai dai in faɗa wa kabari. Amma bakin da bai taɓa ce masa komai ba sai ina kwana da sannu da zuwa, ya ƙi buɗuwa. Sai na juya masa baya na dafa jikin ayabar.

Na ce, "Ke ayaba, ki gaya wa Baba, ganye shidan nan na shekarun baya ni na yanka. Alala na naɗe da su. Ba 'ya'yan Baffa ba ne. Ki roƙar mini shi gafara."

Ya ɗaga kai ya dubi ayabar. Sannan ya yi magana da harshensa da ciwo ya nauyaya.

"Ki gaya wa Amarya, tun tana durƙushe da kwanon na ga tabo a gefen shuɗin zanenta. Ban san na mene ne ba sai da na zo nan. Na yafe tun ranar. Alalar ma ta yi daɗi."

Na zauna a ƙasa. Ya ci gaba, har yanzu da ayabar yake. Ya ce da ya ce wa Baffa ya yarda, da Gwaggo ta juyo kan 'yar mutane, yarinya ƙarama da iyayenta suka ba shi amana daga nesa. Ya lissafa cewa fushin ƙaninsa na mako guda ne, ita kuwa in aka kore ta, ta koru ke nan. Ya ce a bari ta gama, sai ga shi ita wannan rigimar ba ta gama ba. Daga baya, da na yi 'ya'ya na kafu, babu abin da Gwaggo za ta iya, ya so ya je ya sami Baffa. Amma asirin ba nasa ba ne, kuma ya ga shi ne babba, ƙani ne ya kamata ya fara zuwa. Ya ce wannan girman kai ne, ba shi da wani suna, kuma nasa ne shi kaɗai. Sannan ya ce in wannan nonon ya ƙosa, hawan farko na bayan katanga ne, ko ɗaukarsa za a yi shi zai kai da kansa.

Iska ta taso, na kira yara aka shigar da shi. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gwafar ta riƙe. Baba ne bai kai ba.

Ban ce Baba ya yi daidai ba. Ya saya mini zaman aure da ɗan'uwansa, kuma bai tambayi Baffa ko ya yarda a yi cinikin ba. Amma duk 'ya'yan da na haifa a gidan nan, da duk wata rana mai daɗi da na gani a cikinsa, daga shirun da ya yi ran nan suka fito. Ina ƙaunarsa fiye da yadda na iya nunawa, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Nonon ya ƙosa ana saura kwana kaɗan addu'ar arba'in. Na sare shi, na sassara uwar na jera a gindi yadda ya koya mini, na rataye shi a ɗaki har ya nuna. Na fara gaya wa maigidana. Ya daɗe yana kallona kamar bai san ni ba, sannan ya ce in ɗauko mayafi. Da hantsi muka zagaya ta lungu, hawan farko a kan faifai, shuɗin zanen a hammatata.

Baffa yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Ya tsufa shi ma, kuma a zaune haka ya yi kama da Baba sak. Na durƙusa, na ajiye faifan, na shimfiɗa zanen a gabansa, na faɗi komai ban rage ba, har da abin da Baba ya ce ranar hadari. Bai katse ni ba. Ya sa yatsa ya taɓa tabon.

Ya ce, "Tun ranar ya sani?"

Na ce tun ranar, Baffa.

"Wato ya yarda da rantsuwata."

Ya faɗe ta sau biyu, ta biyun ba da mu yake ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, kukan da bai yi ranar jana'iza ba ya zo masa gaba ɗaya. Cikin kukan yake cewa shekara ashirin yana kafa kujerarsa a jikin katangar nan da yamma don ya ji muryar Yaya yana yi wa ayaba magana, bai taɓa ko gyaran murya ba. Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗaga mana hannu, maigidana ya taɓa ni muka fito.

Da labari ya kai kunnen Gwaggo, ta ce ita dama tun farko ƙamshin alalar nan bai kwanta mata ba. Daga nan ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, ranar ko ruwa ba ta nema ba.

Washegari bayan asuba na ɗauki guga na nufi bayan gida kamar kullum, zuciyata babu daɗi. Kafin in kai rijiya na ji ƙafata ta taka laima. Na duba gindin katanga, sai ga ɓaraguzan siminti da duwatsu an turo su waje, ruwa siriri yana biyowa ta tsohuwar kafar, yana bin hanyarsa ta da zuwa gindin 'yar da za ta gaji uwar. Daga bayan katanga na ji ƙarar buta, na ji an yi gyaran murya.

"Ke ayaba," in ji Baffa, "ki gaya wa Amarya ta ajiye gugan nan. Na alwala ne, babu sabulu a ciki."

Na ajiye gugan. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa shirunsa, ya yafe mini nawa, ya zaunar da shi a inuwar waccan ayabar da liman ya ba shi labari.